Kafin a Ce Tarakta Ta Mutu, a Bi Sawun Wutarta

Da ruwan shuka ya sauka, ranaku sukan yi tsada. Wanda ya yi huɗa ya shuka a makon fari ya riga wanda ya jira mako uku, gama shukar baya ita ciyawa ke cim wa, ita kuma ruwa ke yanke wa tun ba ta ƙosa ba. A daidai wannan lokaci ne tsohuwar tarakta takan ƙi tashi. A murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa, amma ko tari ba ya yi. A kwance fulogi a gwada, sai ka ji an ce, "Ba wuta."

Daga nan shawara takan yi yawa. Wannan ya ce kwayil ne, wancan ya ce batir ne, wani kuma ya ce ai injin ya tsufa, kwanansa ya ƙare. Sai a tara kuɗi a aiki yaro birni ya sayo kwayil. A ɗaura, ba ta tashi ba. A sake aikawa a sayo fulogai, har yanzu shiru. Kafin a farga an yi kwana goma, kuɗin taki ya tafi a kan kayan da ba su da laifi, maƙwabta sun gama shuka, tarakta kuwa tana gindin itace kaji suna kwana a kanta.

Mu dai a ganinmu, rashin wuta yana cikin ciwace-ciwacen injin fetur mafi sauƙin magani, muddin an bi shi daki-daki. Abin da ke mai da shi babba shi ne aikin canki-canka, wato sayen kaya kafin a san inda laifin yake. Muna roƙon 'yan'uwa manoma da shugabannin ƙungiyoyin gama kai su kafa wa kansu doka guda: kada a fitar da ko kwabo saboda rashin wuta sai an bi sawunta an ga inda ta tsaya.

Wace tarakta muke nufi?

Sai mu fara rarrabewa, don kada wani ya sha wahalar banza. Yawancin taraktocin da aka shigo da su Nijeriya a zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980, da waɗanda suka biyo baya, masu shan man gas ne, wato dizal. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi ko kaɗan. Iska ake matsewa a cikinsa har ta yi zafi, a fesa mai, ya kama da kansa. Abin da wasunsu ke da shi mai kama da fulogi na ɗumama injin ne kawai da sanyin safiya. Idan irin wannan tarakta ta ƙi tashi, a dubi mai, da matatarsa, da iskar da ta shiga bututu. Ba wutar da za a nema.

Maganarmu a kan tsofaffin nan ce masu shan fetur. Shahararriya a cikinsu ita ce ƙaramar Ferguson mai ruwan toka, samfurin TE20, wadda aka ƙera a birnin Kobantiri na Ingila daga 1946 zuwa 1956. An yi fiye da rabin miliyan, aka sayar da su ƙasashe da dama, har da na Afirka. Akwai masu shan dizal a cikinsu daga baya, amma yawanci na fetur ne ko na wani mai dangin kananzir. Takwararta a Amurka ita ce Ford 8N, wadda aka yi daga 1947 zuwa 1952, ita ma fiye da rabin miliyan. Duk wadda ta rage a cikinsu yau ta haura shekara 60, amma dubbai suna aiki har yanzu, kuma ana ci gaba da ƙera kayan gyaransu. Ƙarfin halinsu ba a faɗa. Da taraktocin Ferguson uku ne Edmund Hillary da abokansa suka ratsa ƙanƙara suka isa tsakiyar ƙurewar kudancin duniya ran 4 ga Janairu, 1958. Injin da ya jure wannan ba ƙurar hunturu ce za ta kashe shi ba.

Wanda ba shi da irin wannan tarakta kada ya ajiye takardar nan. Tsohuwar motar ɗaukar amfanin gona mai shan fetur da wannan tsari take aiki, injin ban-ruwa na fadama da ƙaramin janareto kuma danginsa ne na kusa. Za mu zo kansu.

Hanyar da wuta ke bi

Mai noman rani ya san abin da zai yi idan ya tayar da injin a bakin rafi amma ruwa bai isa fangalinsa ba. Ba ya zuwa kasuwa ya sayo sabon inji. Yakan bi magudana da ƙafa har ya ga inda ta fashe ko ta toshe. Wutar injin ma magudana gare ta, kuma guda ce.

Tana tasowa daga batir, mai bolt 6 a tsofaffin ko bolt 12 a na baya. Ta bi ta makulli, ta shiga kwayil ta ƙaramin noti guda, ta fita ta ɗayan, ta tafi cikin distiributa. A can akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa kamar bakin tsuntsu, su ne kanikawa ke kira kontak. Sa'ad da suke rufe, wuta tana wucewa ta cikinsu zuwa jikin injin ta koma batir, kwayil kuwa yana cika da ƙarfin maganaɗisu. Da zarar sun buɗe, sai ƙarfin nan ya rushe farat ɗaya, ya haifar da wuta mai bolt dubbai, takan kai 15,000 ko fiye, a cikin siririyar wayar da aka naɗe sau dubbai a cikin kwayil. Wannan babbar wuta ita ke fita ta wayar tsakiya mai kauri, ta shiga murfin distiributa. A ƙarƙashin murfin akwai rota tana juyawa tana raba wa kowane fulogi nasa bi da bi. Kusa da kontak kuma akwai wata 'yar gwangwani da ba ta kai babban yatsa ba, ita ce kwandansa. Aikinta ta shanye wutar da za ta yi tsalle a bakin kontak, don ya yanke sarai kada ya ƙone.

Abin lura a nan shi ne, tartsatsi yana fitowa ne a lokacin da kontak ya buɗe. Saboda haka tilas ya rufe sosai, ya kuma buɗe sosai. In ɗaya ya gaza, ba wuta, ko da kwayil sabo ne fil.

Wani injiniyan Amurka, Charles Kettering, shi ya tsara wannan hanya, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910. Sunan kamfaninsa Delco, shi ya sa har yau kanikawan Nijar da sauran masu bin Faransanci suke ce wa distiributa "delko". Tsarin ya yi shekaru da dama yana cikin kusan kowace motar fetur a duniya kafin na'urorin zamani su maye gurbinsa. Sassansa ba su kai goma ba, kowanne kuma ana iya ganinsa da ido a gwada shi da hannu.

Kafin a taɓa kome

Rai ya fi tarakta. A fitar da giya, a ja burki, a sa dutse a gaba da bayan taya. Masu ƙera Ferguson sun sa abin tayarwa a jikin sandar giya, masu Ford 8N kuma sun sa wani makari, duk don kada injin ya tashi yana cikin giya. Wanda ya haɗa sitata da sukudireba yana tsaye gaban babbar taya ya ƙetare wannan kariya, kuma ta haka mutane da yawa suka rasa rayukansu. Kada a gwada tartsatsi kusa da kabureta mai yoyo, ko ramin fulogi a buɗe, ko galan na fetur. Batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, kada a sha taba a kansa, kada kuma a ɗora sifana a bisa kawunansa biyu. Babbar waya kuwa a riƙe ta da busasshen itace ko filaya mai hannun roba. A kau da hannu da bakin riga daga fanka da bel. Yara su tsaya nesa.

A raba hanya biyu

Kayan aikin da ake bukata kaɗan ne: sifanar fulogi, sukudireba, ma'aunin tazara mai siraran ganyayen ƙarfe, da fitilar gwaji. Fitilar nan kowa zai iya haɗa ta da ƙaramin ƙwan fitilar mota da wayoyi biyu. A manna waya ɗaya a jikin injin inda ba fenti ko tsatsa, a taɓa ɗayar a wurin da ake tuhuma. In ta kama, wuta ta iso nan.

Mai hikima ba ya fara bin magudana daga bakin rafi. Yakan je tsakiya tukuna, don ya san ko laifin yana sama ko ƙasa. A zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, a bar ɗaya bakin a jikin kwayil. A riƙe ta kamar milimita 6 daga ƙarfen injin, wato kaurin fensir ko ƙasa kaɗan, wani ya juya injin da makulli a kunne. Gara a yi a inuwa. In tartsatsi shuɗi ya yi ta tsalle yana ƙara ƙyas-ƙyas, to batir da makulli da kontak da kwandansa da kwayil duk sun fita daga zargi a gwaji guda. Laifin yana gaba. In ba kome, ko kuwa ɗan ja-ja ne mara ƙarfi, laifin yana baya. Ford na farko-farko masu distiributa a goshin injin ba su da wannan waya, gama kwayil a bisa distiributa yake zaune. A kansu sai a yi gwajin da wayar fulogi.

In laifin yana gaba

A buɗe murfin distiributa a duba cikinsa da haske. Raɓa ko danshin damina ya isa ya sace wuta, a share da busasshen tsumma a shanya a rana. A nemi tsaga, ko wani baƙin layi siriri kamar zanen fensir, gama ta nan wuta ke zurarewa. A tsakiyar murfin akwai ɗan gawayi a kan sifirin, shi ke taɓa rota. In ya cinye ko ya faɗi, hanya ta yanke. Rota ma takan huje ta zubar da wuta cikin sandar da take kai. Gwajinta shi ne a riƙe wayar tsakiya kusa da tagullar rota a juya injin. In tartsatsi mai ƙarfi ya yi tsalle zuwa gare ta, ta lalace. Sa'an nan a dubi wayoyin fulogi, ko ɓera ya ci, ko sun tsattsage don tsufa. Fulogan da suka jiƙe da fetur saboda yawan gwada tayarwa a kwance su a busar, a goge baƙin da ke bakinsu.

A riƙa cire wayoyin fulogi ɗaya-ɗaya ana mayarwa. Kowane inji yana da jerin da silindarsa ke kamawa. Na yawancin Ferguson TE20 shi ne 1, 3, 4, 2. Na Ford 8N kuwa 1, 2, 4, 3. Wanda ya zare duka huɗu ya mayar da ka zai sami wuta mai kyau da injin da ba ya tashi, ya ƙara wa kansa ciwo na biyu a kan na fari.

In laifin yana baya

Na fari, batir. Cikakken batir mai bolt 12 yakan nuna kamar 12.6 a mita, mai bolt 6 kuma kamar 6.3. Amma juyawar injin ba shaida ba ce cewa batir lafiya yake. Sitata mai haɗama ce, takan shanye ƙarfin batir mai rauni ta bar kwayil da yunwa. Alamar wannan ita ce tarakta ta tashi in an tura ta, ko ta kama a daidai lokacin da aka saki abin tayarwa. A kankare farin garin da ke kawunan batir, a tsabtace inda wayarsa ke ɗaure a jikin tarakta, a ɗaure tam. Tsarin bolt 6 yana bukatar wayoyin batir masu kauri ƙwarai, siraran na ƙananan motoci ba su isa ba. A kuma lura da wane kai ne ke ɗaure a jikin tarakta kafin a cire batir. A Ford 8N yadda aka ƙera ta, da tsofaffin injuna da dama, kan mai alamar tarawa ne ke zuwa jiki, saɓanin motocin yanzu.

Na biyu, a kunna makulli a taɓa fitilar gwaji a notin kwayil na wajen makulli. In ba ta kama ba, wuta ba ta iso kwayil ba ma, sai a koma baya a dubi makullin da wayarsa. Wasu taraktoci, kamar Ford ɗin nan, suna da ɗan abin rage ƙarfin wuta a kan wannan hanya, shi ma yakan yanke ko ya yi tsatsa.

Na uku, wannan kuwa shi ne gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya. A mai da fitila kan ɗaya notin kwayil, wanda wayarsa ke tafiya distiributa, a juya injin. Fitila mai ƙyaftawa, tana kamawa tana mutuwa, tana nuna kontak yana aikinsa. In ta kama ta tsaya ba ƙyaftawa, kontak ba ya rufewa sosai, ko bakinsa ya yi datti, ko wayar ta tsinke. In ba ta kama ko kaɗan, kontak ba ya buɗewa, ko wuta tana zurarewa cikin jikin distiributa, ko kuma wayar cikin kwayil ta yanke. Wurin da ta fi zurarewa shi ne inda waya ke ratsa jikin distiributa, gama 'yar robar da ke raba su takan fashe.

Na huɗu, a buɗe a dubi kontak da ido, makulli a kashe. A fara tabbatarwa rota tana juyawa in an juya injin. In ba ta motsi, abin da ke juya ta ne ya karye, wannan kam aikin bakanike ne. A nan ne kuma aka fi kama ɓarawon. Taraktar da ta yi rani a ajiye, bakin kontak ɗinta yakan yi wata 'yar fatar tsatsa da ido ba ya gani sosai, amma ta isa ta tare bolt 6. A goge shi da siririn zarto mai laushi, sa'an nan a ja tsabtatacciyar takarda mai ƙarfi a tsakani har ta fito fara. Kada mai ya taɓa wurin. Bayan haka a juya injin a hankali har kontak ya buɗe iyakar buɗewarsa, a auna. Ɗan dundunen da ke gogar sanda yana cinyewa da aiki, tazara ta yi ta raguwa har kontak ya daina buɗewa. A yawancin injunan nan tazarar wajen milimita 0.4 ce. A Ford 8N ta baya, mai distiributa a gefe, wajen 0.6 ce. Littafin injin shi ke da magana ta ƙarshe. A shafa ɗan giris kamar ƙwayar gero a kan sandar don dundunen ya daɗe.

Na biyar, kwandansa. In bakin kontak ya ƙone ya yi baƙi da ramuka, yana tartsatsi da yawa amma wutar babbar waya ba ƙarfi, ita ce abar zargi. Ba ta da tsada.

Kwayil shi ne na ƙarshe, ko da yake shi aka fi saurin ɗora wa laifi. Sai an ga wuta tana isowa gare shi, kontak yana da tsabta yana buɗewa yana rufewa, an gwada wata kwandansa, har yanzu ba tartsatsi, sa'an nan a ce shi ne. Yana da wata alama tasa: tarakta ta tashi lafiya da safe, ta yi aikin sa'a guda ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce. Ko a nan ma a tambayi abin da ya kashe shi, gama ruwa ba ya tsami banza. Barin makulli a kunne injin yana tsaye yakan dafa kwayil ya ƙone kontak. Haka kuma ɗora batir mai bolt 12 a kan kwayil mai bolt 6 ba tare da abin rage wuta ba. In ba a gyara dalilin ba, sabon zai bi tsohon.

Injin ban-ruwa da danginsa

Wasu tsofaffin taraktoci, kamar Farmall da dama na Amurka, ba sa dogara ga batir don tartsatsi. Suna da na'ura mai maganaɗisu da ke haifar da wutarta da kanta, ana ce mata magineto. Ƙananan injunan ban-ruwa da suka bazu a fadamunmu tun shekarun 1980 da 1990 su ma haka suke, maganaɗisun yana jikin babban faifan da igiya ke juyawa. A irin waɗannan, makunni ba ya kawo wuta. Aikinsa ya zubar da ita a jikin injin don a kashe shi. Saboda haka gwajin fari shi ne a zare siririyar wayar kashewa daga kwayil a ja igiya. In wuta ta dawo, laifin makunni ne ko wayarsa. Kada kuma a kuskura a haɗa wutar batir da wannan waya, za ta ƙone kwayil.

Injuna da yawa irin Honda GX da masu kama da su suna da na'urar da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, don kada injin ya ƙone. Manomi ya ajiye injin a karkace a gangaren rafi, ko mai ya ragu, sai wuta ta ɗauke. A daidaita zamansa, a cika mai zuwa alamarsa, kafin a zargi wani abu. Tazarar bakin fulogin irin waɗannan injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, "Ai wannan aikin kanikawa ne, mu manoma ne." Ba mu raina bakanike ba, akwai aikin da sai shi, kamar saita lokacin wuta da gyaran sandar distiributa da ta yi lako-lako. Amma a makon shuka bakanike ɗaya ne, masu nemansa ashirin, tafiyarsa kuma kuɗi ce. Wanda ya aika masa cewa wuta tana isa kwayil amma fitila ba ta ƙyaftawa ya rage masa rabin aiki, ya kuma sa ya zo da abin da ya dace. Bakanike na kirki yakan ji daɗin irin wannan saƙo. Wanda kuma ya ce a sayo kaya tun bai gwada kome ba, ya kamata a tambaye shi da ladabi, "Malam, me ka gani?"

Wani kuma zai ce, "Kayan ba su da yawa, a canja su duka a huta." Illar wannan biyu ce. Sabon kaya ba lalle ne ya zama mai kyau ba, kasuwa cike take da na jabu, kuma sau da yawa tsohuwar kwandansa ta asali ta fi sabuwa ta banza. Da tsohuwar zuma ake magani. Har wa yau, wanda ya canja abu biyar a lokaci ɗaya, in ta tashi bai san abin da ya warkar da ita ba, in ta ƙi kuma ya ƙara wa kansa wurare biyar na tuhuma. A canja abu ɗaya, a gwada, sa'an nan a ci gaba.

Akwai masu cewa a cire kontak ɗungum a sa 'yar na'urar zamani da ake sayarwa a madadinsa. Tana da amfaninta, gama ba ta tsatsa ba ta bukatar saiti. Amma in ta mutu a tsakiyar gona ba a gyara ta da zarto da takarda, sai an sayo wata. Wanda ya sa ta ya adana tsohon kontak da kwandansa a cikin gwangwani.

Masu cewa a sayar wa 'yan gwangwan a huta kuwa, sai su fara tambayar kuɗin sabuwa. Akwai taraktar da ta ƙare da gaske, wadda injinta ya fashe ko gyaranta ya fi ƙarfin amfaninta. Amma a sayar da ita a kan kilo saboda tsatsar da ba ta kai kaurin gashi ba, wannan ɓarnar dukiyar jama'a ce.

Shawararmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata ɗaya kafin damina a fito da tarakta, a caja batir, a goge kontak a auna shi, a tayar da ita ta yi zafi. Da rani ma a riƙa tayar da ita ko sau ɗaya a wata, a ajiye ta a rumfa. Kowace ƙungiya ta tanadi akwati mai makulli, a sa fitilar gwaji, da ma'aunin tazara, da kontak, da kwandansa, da rota, da fulogai, da ɗan littafin da za a riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka gyara da abin da aka kashe. A zaɓi matasa biyu, maza ko mata, masu natsuwa, su koyi wannan bin sawu tun tarakta tana da lafiya, su ga yadda fitila ke ƙyaftawa da yadda tartsatsi mai kyau yake, don su gane mara kyau in ya zo. Biyu muka ce, saboda in ɗaya ya tafi cin rani kada ilimin ya tafi da shi.

Ma'aji kuma ya riƙe dokar nan da muka faɗa tun farko. Duk wanda ya zo neman kuɗin kayan wuta, a tambaye shi inda fitila ta kama da inda ta mutu. In ya ba da amsa, a ba shi kuɗi. In ba shi da amsa, a ba shi fitila.

Allah ya ba mu damina mai albarka.